Basir da ƙwayoyin homiyofati: amsa ga wani tela a Katsina

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Katsina, shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura, shekaruna 46. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da basir. Da farko ƙaiƙayi ne da ɗan jini idan na zaga, daga baya wani tsiro ya fara fitowa, sai na sa yatsa na mayar da shi. Na sha jiƙe-jiƙe iri-iri ban ga sauƙi ba. Wani abokina da ya yi karatu a Indiya ya haɗa ni da wani mai sayar da maganin homiyofati, ya ce maganin Jamus ne, ba shi da illa, kuma yana busar da basir ba sai an yi tiyata ba. Ya ba ni 'yan kwalabe uku na ƙananan ƙwayoyi farare masu zaƙi, an rubuta musu Aesculus 30C, Hamamelis 30C da Nux vomica 30C. Ya kuma ce in rage burodi, in yawaita shan ruwa. Watan farko na ji daɗi sosai. Da ɗinkin Sallah ya taso sai jinin ya dawo, har ya fi na da, yanzu idan na ɗago daga ruku'u jiri nake ji. Na koma masa, ya ce ai alamar maganin yana aiki ke nan, cutar yake fitarwa, in sayi mai ƙarfi na 200C. Ina tsoron asibiti don ana cewa wanda aka yanke wa basir ba ya ƙara riƙe bayan gida, kuma yana rasa ƙarfinsa na namiji. Ga kuma kunyar a buɗe mini tsiraici. In saya in ci gaba, ko yaya zan yi?

Wani tela daga Katsina

Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Kada ka sayi na 200C ɗin nan. Kuɗin da za ka ba da, ka riƙe shi ka yanki kati da shi a asibiti cikin wannan makon. A duk wasiƙarka jirin nan ne ya fi tayar mini da hankali. Mutumin da ya yi shekara biyu jini yana zuba daga jikinsa, ko da kaɗan-kaɗan ne, sannan ya fara ganin jiri in ya ɗago daga ruku'u, abu na farko da za a yi tunani shi ne jininsa ya yi ƙasa. Ka tsaya gaban madubi ka ja fatar idonka ta ƙasa, ka kuma dubi tafin hannunka. Idan ka ga sun yi fari-fari, ko kana haki in ka yi 'yar tafiya, ko zuciyarka tana bugawa da sauri ba gaira ba dalili, to kada ma ka jira ƙarshen mako. Gwajin yawan jini, wanda ake kira PCV, ba ya cin lokaci, kuma ba shi da tsada in aka kwatanta da kwalaben da kake saye.

Bari in faɗa maka abin da ke cikin kwalaben nan, don mutanenmu da yawa sun ɗauka homiyofati wani nau'in maganin itatuwa ne irin namu, na Turawa kawai. Ba haka ba ne. Mai sassaƙe in ya jiƙa maka sassaƙensa, akwai abin da ya shiga ruwan, mai amfani ko mai cutarwa. Homiyofati tsarinsa daban ne. Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya fito da shi a 1796, a kan ra'ayin cewa abin da ke jawo wa mai lafiya wata alama shi ne zai warkar da mai ciwo da ke da irin wannan alamar, in an ba shi ɗan mitsitsi. A zamaninsa likitocin Turai suna zubar wa marar lafiya jini da yawa, suna ɗura masa zaiba, don haka wanda aka bai wa ruwa da sukari aka bar jikinsa ya huta sau da yawa ya fi samun sauƙi. Daga nan abin ya yi suna.

Ga yadda ake haɗawa. A ɗauki ɗigo 1 na ruwan tsiron a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasar haɗa magani, a girgiza. Wannan shi ne 1C. A ɗauki ɗigo 1 daga wannan a sake zubawa cikin wani 99, a girgiza, ya zama 2C. Haka za a yi ta yi har sau 30 kafin a samu abin da aka rubuta a kwalbarka. Da za ka ɗiga ɗigo guda a madatsar ruwa ta Zobe tana cike, ka gauraya, ka ɗebo cokali, tsinkewar ba ta wuce wajen mataki na 8 ba, wato 8C. Masana sinadarai sun lissafa cewa daga mataki na 12 zuwa sama da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta asalin tsiron a ciki. Wannan ruwan ake ɗigawa a kan ƙwayoyin sukari a bari su bushe. Zaƙin da kake ji, sukarin ne. Shi kuwa 200C da aka ce maka ya fi ƙarfi, an tsinka shi ne sau 200. A wurin masu wannan tsari, iya tsinkewa iya ƙarfi.

Abokinka bai yi maka ƙarya ba game da Indiya. Can gwamnati ta amince da homiyofati, akwai kwalejojinsa, kuma tun 2014 akwai ma'aikata guda da ke kula da shi tare da sauran magungunan gargajiyarsu. Amma yawan masu amfani da abu daban, shaidar cewa yana warkarwa daban. A 2015 majalisar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta bi nazari 176 da aka yi a kan homiyofati, ta ce babu wata cuta ko ɗaya da aka samu ingantacciyar shaidar yana maganinta. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta ce likitocinta su daina rubuta shi. Faransa, inda ake shan sa sosai, ta daina biyan kuɗinsa daga inshorar lafiyar gwamnati tun farkon 2021.

Za ka ce to me ya sa ka ji daɗi a watan farko? Na yarda ka ji daɗin, ba raya maka aka yi ba. Amsar tana cikin wasiƙarka. Ka rage burodi, ka ƙara ruwa, bayan gida ya yi laushi, ka daina yunƙuri. Wannan shawarar tasa mai kyau ce, ita ta yi maka aiki. Shi ma basir halinsa ke nan, ya tashi ya kwanta. Mutum yakan nemi magani ne lokacin da ciwon ya kai maƙura, don haka duk abin da ya sha a ranar shi zai yaba wa idan sauƙi ya zo da kansa. Da Sallah ta matso ka koma zama a kan keke daga hantsi har tsakar dare, abincinka shayi da burodi da taliya a wurin mai shayi, bayan gida ya matsa ka danne shi don mai kaya yana tsaye a kanka. Ƙwayoyin kana nan kana sha, amma jinin ya dawo. Da su ne suke riƙe da ciwon, da bai dawo ba.

Maganar da ta fi ɓata mini rai ita ce wadda ya faɗa maka, wai ƙaruwar jini alamar magani yana aiki ne. Tsohuwar koyarwa ce a homiyofati cewa ciwo yakan ɗan tsananta kafin ya tafi, mai yiwuwa shi ma haka aka koya masa, kuma ya gaskata. Amma ka duba inda maganar ta kai ka. In ka samu sauƙi, magani ya yi. In ciwo ya ƙaru, magani yana yi. Babu ranar da za a ce maka wannan ya fi ƙarfinmu, tafi asibiti. Jinin da ke fita daga duburarka ba dattin ciwo ba ne, jininka ne mai kyau, irin wanda ke gudana a zuciyarka. Su ƙwayoyin 30C ba na jin za su cutar da kai da kansu, cutarwarsu ita ce watannin da suke cinye maka. Sai dai ka kiyayi wanda aka rubuta wa Q, wato asalin ruwan tsiron, ko mai ƙaramar lamba irin 2X da 3X, musamman Nux vomica, don 'ya'yan wannan itace suna ɗauke da guba mai suna sitiriknin, kuma a waɗannan ba a tsinka shi ya ɓace ba.

Har yanzu fa babu wanda ya duba ya tabbatar basir ne. Kai ba ka iya ganin wurin, mai sayar da maganin bai duba ba, ni ma wasiƙa kawai na karanta. A garuruwanmu duk abin da ya fito ta baya basir ne. Ka ji masu lasifika a bakin kasuwa da tasha, ciwon baya basir, kumburin ciki basir, kasala basir, raunin mazakuta basir. A ƙarƙashin wannan suna guda akwai tsagewar bakin dubura, mai zafi kamar yanka lokacin bayan gida. Akwai ƙurjin da ke fashewa ya bar rami yana tsiyayar ruwa. Akwai atini, akwai tsargiyar da ke kama hanji, akwai tsiron cikin hanji da ke iya rikiɗewa zuwa cutar kansa daga baya. Akwai kuma kansar hanji da ta dubura, wadda a farkonta ba ta da wata alama da ta wuce jinin da kowa zai kira basir. Likitocin tiyata a Najeriya sun daɗe suna kokawa cewa masu wannan cuta suna zuwa musu a makare, da yawansu ba su ma tsufa ba, kuma sun yi watanni suna shan maganin basir. Ba ina ce maka ita gare ka ba. Yadda ka kwatanta tsiron da ke fitowa ka mayar da yatsa ya yi kama da basir sosai, kuma shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Amma mutum yana iya samun basir da wani abu tare, kuma mai shekara 46 da jini da jiri ba a yi masa hasashe. Gani ya kori ji.

Game da kunya, na fahimce ka, kuma ba zan ce ba komai ba ne. Amma ka tuna Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi. A cikin Bukhari shi da bakinsa ya ce basir gare shi, ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda zai yi salla, aka ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Sahabi bai ɓoye wannan ciwo ba, har ya zama sanadin hukuncin da marasa lafiya suke amfana da shi zuwa yau. Shi duban kansa ba wani dogon abu ba ne. Za ka kwanta a gefenka na hagu, ka naɗe gwiwoyi, a rufe ka da zane. Likita zai sa safar hannu da man santsi ya taɓa da yatsa, sannan ya sa wani ɗan gajeren bututu mai haske ya leƙa. 'Yan mintoci ne. Kana da damar cewa likita namiji kake so. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko Babban Asibitin Katsina, ka faɗa wa likitan farko komai, ka nemi a tura ka sashen tiyata. Zuwa sashen tiyata ba ya nufin za a yi maka aiki, su ne masana wannan wuri. Idan suka ce sai an duba hanjin gaba ɗaya da kyamara, kada ka ja baya, a shekarunka wannan daidai ne.

In an tabbatar basir ne, ga yadda abin yake. Kowane ɗan Adam yana da wasu 'yan matasai na jijiyoyin jini a cikin duburarsa, suna taimakawa wajen rufe ƙofar. Yawan yunƙuri da taurin bayan gida da daɗewa a tsugunne su ke sa su kumbura su zamo ƙasa. Likitoci sun kasa na ciki mataki 4. Na farko jini kawai yake yi bai fito ba, na biyu ya fito ya koma da kansa, na uku sai an mayar da hannu, na huɗu ya fito ya ƙi komawa. Naka ya yi kama da na uku. Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce a wannan mataki gyaran abinci yana rage jini da zafi sosai, amma ba lallai ya mayar da tsiron ba. Sau da yawa ana buƙatar ƙarin wani abu.

Ƙarin nan ba kullum yanka ba ne. Akwai ɗaurin roba, wanda ake yi tun 1963. Ana saƙala wa gindin basir ɗin ɗan ƙaramin zoben roba, jini ya daina kai masa, cikin kamar mako guda ya bushe ya faɗi. Ba a kwantar da mutum, ranar zai koma gida. Akwai allurar da ke sa shi ya motse. Sai kuma tiyata ga wanda nasa ya yi girma ko ya ƙi jin waɗancan, kuma salon da aka fi yi an san shi tun 1937 a Landan. Ba zan ɓoye maka ba, bayan tiyatar akwai zafi, mutum yakan yi mako biyu zuwa huɗu kafin ya dawo daidai, don haka tela zai so ya zaɓi lokacin da ba na Sallah ba. Wasu sukan ga ɗan ɗigo ko kuɓucewar iska a makonnin farko, ya wuce. Rasa riƙe bayan gida na dindindin abu ne da ba safai yake faruwa ba a hannun ƙwararren likita, don naman da ke matse ƙofar ba shi ake yankewa ba. Labaran da kake ji, ka bincika wa ya yi aikin. Wanda aka yanka a ɗaki da aska, ko aka shafa masa abu mai ƙuna don tsiron ya ruɓe, shi ne ke ƙarewa da ƙofa a tsuke ko a lalace, ko ciwo ya ruɓa. Wannan kam ko kyauta ne kada ka yarda.

Batun ƙarfin namiji kuwa, jijiyoyin da ke tafiyar da shi ba a wurin da ake aikin suke ba. Basir ba ya kashe mazakuta, cire shi ma ba ya kashewa. Abin da ke raunana magidanci a shekarunka ya fi zama ciwon sukari, hawan jini, damuwa, ko shi wannan ƙarancin jinin. Maza da yawa suna can suna shan maganin basir saboda rauni alhali sukari ne ke cin su. Tunda za ka je, ka ce a auna maka sukari da hawan jini gaba ɗaya.

Kafin ranar asibiti da bayanta, aikin yau da kullum naka ne da uwargida, don haka ka sanar da ita, ita ke riƙe da tukunya. Abin da ake nema shi ne bayan gida mai laushi da zai fita ba nishi. Binciken da aka tattara ya nuna abinci mai dusa da ganye yana rage zubar jinin basir da kusan rabi, kuma duk abin da ake buƙata yana kasuwarmu da arha. Tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi ya yi fari tas ba, miyar kuka, kuɓewa, lalo, alayyahu, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli, wake a cikin shinkafa maimakon fara zalla. Gwanda, kankana, goba, mangwaro a lokacinsa, lemo a ci da tsokarsa. Ka ƙara su sannu a hankali don kada ciki ya kumbura, kuma ka ba abin makonni kafin ka yanke hukunci. Ka ajiye gorar ruwa a gefen keken, a zafin Katsina lemon kwalba ba ya maye gurbinta. Duk rigar da ka gama, ka miƙe ka ɗan taka. In bayan gida ya zo, ka ajiye almakashi ka tafi, mai kaya zai jira minti biyar. Kada ka shiga bayi da waya, kada ka daɗe a tsugunne kana jiran saura. Tsarki da ruwa da muke yi alheri ne ga mai basir, amma ban da sabulu mai ƙarfi da maganin kashe ƙwayoyin cuta a wurin. Idan yana zugi, ka zauna a baho na ruwan ɗumi zalla minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana. Barkono ba ya haifar da basir, sai dai in akwai tsaga yana ƙara raɗaɗi, ka lura da jikinka.

Ga zafi, farasitamol ya isa. Ka nisanci tiramadol da kodin, suna ƙara taurin bayan gida. Asfirin da ibufurofen da diklofenak ma ka dakata da su tunda kana zubar da jini, sai in likita ne ya ɗora ka a kai, shi za ka tambaya. Man shafawa na basir da ake sayarwa a kemis yana lafar da ƙaiƙayi, amma mai haidurokotizon a ciki kada ya wuce mako guda. In an ba ka ƙwayar ƙarin jini, ka sani tana sa bayan gida ya yi baƙi ya kuma yi tauri, ka roƙi likita ya haɗa maka da mai sa laushi.

Akwai abubuwan da ba a kwana da su. Jinin da ya ƙi tsayawa ko yake fita guda-guda, bayan gida baƙi ƙirin alhali ba ka shan ƙwayar ƙarin jini, suma, zazzaɓi tare da kumburi mai zugi, ko tsiron ya fito ya ƙi komawa ya yi tauri da zafi. Ko tsakar dare ne a kai ka sashen gaggawa.

Ranar da za ka tafi, ka sa kwalaben uku a aljihu ka nuna wa likita, ka kuma lissafa masa jiƙe-jiƙen da ka sha. Ka faɗa masa kalar jinin, ja ne ko mai duhu, a kan bayan gidan yake ko a gauraye, ko kana ganin majina, ko ka rame, ko yanayin fitarka ya sauya a 'yan watannin nan, ko wani a danginku ya taɓa yin ciwon hanji. Abokinka kuwa alheri ya nufa, ba sai kun yi musu ba, ka ce masa jiri ya sa za ka je a auna jininka. Idan sakamako ya fito ka sake rubuto mini abin da suka ce. Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa.